Tauraro mai ji da kai a hannun koci mai tsauri: ana zama lafiya kuwa?

Tambaya: Shin manyan 'yan ƙwallo masu ji da kansu suna dacewa da kocin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ko kuwa gara irin wannan koci ya tara yara masu biyayya ya yi aikinsa cikin kwanciyar hankali?

Ɗan'uwa, suna dacewa. Har ma zan ce da wuya koci mai tsauri ya kai ƙololuwa ba tare da irinsu ba, domin ɗan wasan da zai nemi a ba shi ƙwallo a minti na 90, ana cin ƙungiyarsa, mutum dubu tamanin suna masa ihu, dole ya kasance yana ganin babu kamarsa. Amma dacewar tana da sharaɗi. Muddin abin da kocin yake nema gumi ne da kiyaye lokaci, tauraro na gaske zai bayar. Ranar da kocin ya nemi karɓe ainihin abin da ya mai da shi tauraro, wato wurinsa a fili da matsayinsa a idon jama'a, ranar zama ya fara tsami.

Babu inda wannan ya fito fili kamar musayar da Barcelona da Inter Milan suka yi a 2009. Pep Guardiola ya karɓi Barcelona a 2008, kuma tun kafin a buga wasa ɗaya ya nuna ba ya bukatar Ronaldinho da Deco da Samuel Eto'o. Biyun farko suka tafi, Ronaldinho AC Milan, Deco Chelsea. Eto'o ya zauna, ya ci ƙwallo 30 a La Liga, ya kuma ci ta farko a wasan ƙarshe na Zakarun Turai da suka doke Manchester United a Rum. Duk da haka Guardiola bai sauya ra'ayi ba. Aka miƙa shi ga Inter, aka haɗa da kuɗi mai yawa, aka karɓo Zlatan Ibrahimovic.

To ka duba abin da ya biyo baya. Mutum biyu ne da duniya ta shaida jin kansu, koci biyu ne da aka sani da takura. Ibrahimovic ya fito daga hannun José Mourinho, inda ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A da 25, kuma har ya yi ritaya bai daina yabon Mourinho ba. Ya zo hannun Guardiola, kaka ɗaya kacal ya yi aka tura shi aro AC Milan, ba sa ko ga maciji. Shi kuwa Eto'o, wanda aka ce ba ya jin magana, Mourinho ya ɗauke shi daga tsakiyar gaba ya mai da shi gefe, ya ce ya riƙa komawa baya yana tare gida. A wasa na biyu na kusa da ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Inter da Barcelona a Camp Nou, watan Afrilun 2010, bayan an ba Thiago Motta jan kati tun kafin a yi rabin sa'a, Eto'o ya ƙarasa wasan kusan a matsayin ɗan baya na gefe. Mutumin da ya ɗauki kyautar gwarzon Afirka sau uku kafin wannan lokaci, yana bin 'yan gefen Barcelona da gudu. A daren ne kuma aka cire Ibrahimovic ana tsaka da neman ƙwallo. Inter ta wuce, ta ɗauki kofi uku a kakar, Eto'o ya zama ya yi hakan shekara biyu a jere da ƙungiyoyi biyu daban.

Idan girman kai ne cutar, me ya sa Eto'o ya amince da aikin da ya fi na Ibrahimovic ƙasƙanci? Amsar tana cikin yadda kowane koci yake neman biyayya. Mourinho na wancan zamanin yana ɗora maka kaya, amma sai ya tabbatar ka ji cewa kai kaɗai ne za ka iya ɗauka. Yana ciyar da jin kanka, sannan ya ɗaura masa aiki. Tsaurin Guardiola na tsari ne: ga inda za ka tsaya, ga lokacin da za ka motsa, ga taɓawa nawa za ka yi ka saki ƙwallo. A cikin wannan tsari an riga an ware kujera ɗaya ta mai 'yanci, kuma Lionel Messi ne a kanta. Da aka dawo da Messi tsakiya, Ibrahimovic ya wayi gari ya zama mai buɗe wa wani hanya. Gudu bai gagare shi ba. Abin da ya ƙi shi ne zama na biyu, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Saboda haka duk lokacin da aka ce maka wane koci ne mai tsauri, ka tambaya: tsauri a kan me? Irin rigimar da Louis van Gaal ya yi da Rivaldo ke nan a ƙarshen 1999. Rivaldo ya ɗauki Ballon d'Or, ya ce shi ya gama buga gefen hagu, tsakiya yake so. Van Gaal ya ajiye shi. Da Van Gaal ya dawo Barcelona a 2002, Rivaldo ya tattara ya bar kulob ɗin. Babu wanda ya zargi Rivaldo da lalaci. Wuri suka yi faɗa a kai.

Su ma masu jin kan iri biyu ne, kuma Alex Ferguson ya fi kowa iya tantance su. Akwai wanda jin kansa yake hana shi barci in an doke shi, akwai wanda jin kansa yake sa shi ganin dokar da ta hau kan kowa ba ta hau kansa ba. Eric Cantona ya zo Manchester United daga Leeds a Nuwamban 1992 da tambarin mutumin da ba ya zama lafiya da kowa, ya riga ya ɓata da hukumomin ƙwallon Faransa. Ferguson, wanda ihunsa a ɗakin sauya kaya ya zama abin labari, bai cika ɗaga wa Cantona murya ba. A Janairun 1995 Cantona ya yi tsalle ya hamɓare wani ɗan kallo a filin Crystal Palace, aka dakatar da shi wata takwas, ya so ya bar Ingila gaba ɗaya. Ferguson da kansa ya bi shi Paris ya lallaso shi. Mutane suna kiran wannan son kai, kuma son kai ne, amma na mai lissafi. Cantona yana cikin masu tsayawa ƙarin atisaye bayan kowa ya watse, yaran da ke tasowa irin su Beckham da Scholes da Gary Neville suna kallo suna koya. United ta shekara 26 ba ta ɗauki gasar Ingila ba kafin zuwansa. Da shi ta ɗauka sau huɗu a kaka biyar, kuma wadda ta kuɓuce ita ce ta shekarar da aka dakatar da shi.

Wannan Ferguson ɗin dai shi ya sayar da Paul Ince a 1995, da Jaap Stam a 2001, da David Beckham a 2003 'yan watanni bayan takalmin da ya shura ya same shi a saman ido, ya raba gari da kyaftin ɗinsa Roy Keane a Nuwamban 2005 bayan Keane ya caccaki abokan wasansa a gidan talabijin na kulob, ya kuma sallami Ruud van Nistelrooy a 2006. Yana haƙuri da kowane irin hali, ban da wanda zai sa 'yan wasa su fara tunanin akwai mai iko a kulob ɗin bayan shi. (Game da Stam, shi da kansa ya amince daga baya cewa ya yi gaggawa.)

Yanzu bari mu shiga fili, domin ƙwallon yau ta ƙara wa wannan tambaya nauyi fiye da zamanin Cantona. Yawancin kocin da ake kira masu tsauri yanzu, tsaurinsu a kan abin da kake yi ne lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarka. Suna so a matsa wa abokan hamayya tun daga gidansu, kuma matsin ba ya aiki sai an tashi tare. Ɗan gaba zai rufe wa ɗan baya hanya ɗaya, na gefe ya tare ta biyu, na tsakiya ya manne wa wanda za a ba. Mutum ɗaya ya tsaya yana tafiyar ƙasaita, an buɗe ƙofa, sauran sun yi gudun banza, kuma an bar 'yan baya da fili fetal a gabansu. Ƙungiya tana iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya da ba ya gudu, in an gina ta a kan haka kuma sauran sun yarda. Ajantina ta yi haka a 2022: Lionel Scaloni ya kewaye Messi da irin su Rodrigo De Paul da Julián Álvarez, suna gudun da ba ya yi, shi kuma yana biyan su da abin da ba za su iya ba. Amma mutum uku ba sa ɗaukuwa. Paris Saint-Germain (PSG) ta haɗa Messi da Neymar da Kylian Mbappé daga 2021 zuwa 2023, kuma sau biyun a zagayen 'yan 16 aka fitar da ita daga Zakarun Turai, Real Madrid a 2022, Bayern Munich a 2023. A gasar Faransa ba a ganin ramin. Da an haɗu da ƙungiyar da ta iya riƙe ƙwallo sai ka ga mutum bakwai suna kare gida a madadin goma.

Gata a ƙungiya bashi ne, da ƙwallaye ake biya, kuma 'yan wasa sun fi kowa iya lissafinsa. Za su yi wa mutum gudu matuƙar suna ganin yana ciyo musu wasa. Nan ne shekaru suke shigowa, kuma nan ne aka fi samun tashin hankali, domin ƙafa tana tsufa kafin zuciya ta yarda. Cristiano Ronaldo ya yi aiki da Ferguson, ya yi da Mourinho, har ya ci 46 a La Liga a kakar 2011/12 da Real Madrid ta tara maki 100. Ba wanda zai ce ba ya jure takura. Amma a 2022 yana da shekara 37, Erik ten Hag yana son ɗan gaba mai matsi, shi kuma yana kallon ƙwallo 24 da ya ci wa United a kakar da ta gabata. Kowa da hujjarsa. A Oktoba ya ƙi shiga wasan Tottenham daga benci ya fice kafin a tashi, a Nuwamba ya yi hirar da ya ce ba ya ganin girman kocin, aka soke kwantiraginsa. Ni a ganina laifin farko na waɗanda suka haɗa su ne. Sun ɗauko kocin da kowa ya san irin wasansa, suka bar masa ɗan wasan da kowa ya san ba zai iya wannan wasan ba kuma ba zai zauna a benci ya yi shiru ba.

Kwatanta da yadda Zinedine Zidane ya bi da Ronaldo a Real Madrid a kakar 2016/17. Ya shawo kansa ya riƙa hutawa a wasu wasannin La Liga, abin da a baya ba a isa a faɗa masa ba, da hujjar cewa a watan Afrilu da Mayu ake bukatarsa. Daga zagayen 'yan takwas zuwa wasan ƙarshe Ronaldo ya ci ƙwallo goma: biyar a ragar Bayern, uku a ta Atlético, biyu a ta Juventus. Ana yawan cewa Zidane da Carlo Ancelotti masu sassauci ne, kamar ba sa neman komai a wurin 'yan wasa. Wannan magana ba ta shige ni. Ajiye Ronaldo a gida ranar wasa buƙata ce mai girma, sai dai an san ta inda aka shigo da ita. Ingarman doki ma yana bin linzami, amma ba a fizgarsa. Rafael Benítez ya riƙe kusan waɗannan 'yan wasan daga Yunin 2015, da tarin umarni da gyare-gyare, aka sallame shi a Janairun 2016. Wata biyar bayan haka Zidane ya ɗauki Zakarun Turai da su.

Sai maganar da magoya baya ba su cika son ji ba: in rigima ta tashi, ba wanda ya fi gaskiya ne yake nasara ba, wanda masu kulob suka tsaya wa ne. Tauraro kadara ce. An saye shi da miliyoyi, ana sayar da riga da sunansa, ana sa ran sake sayar da shi. Koci kuwa a biya shi ragowar kwantiragi ya kama gabansa, galibi hakan ya fi araha. 'Yan wasa da wakilansu sun san wannan sarai. In tauraro ya san zai iya ɗaga waya ya kira shugaban kulob kai tsaye, to duk tsaurin koci ya zama wasan yara. A Manchester United, Mourinho ya karɓe wa Paul Pogba muƙamin mataimakin kyaftin a Satumban 2018. A Disamba Mourinho ne ya tafi, Pogba da aka saya fam miliyan 89 ya zauna. Thomas Tuchel ya kai PSG wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Agustan 2020, aka kore shi a Disamba, ya je Chelsea ya ɗauki kofin a Mayun 2021.

Arsenal ta bi ɗaya hanyar. Ta goyi bayan Mikel Arteta a kan Mesut Özil, ta sake goya masa baya a Disamban 2021 da ya karɓe kyaftin daga Pierre-Emerick Aubameyang saboda saɓa doka, duk da cewa shi ne ya ci ƙwallo biyun da suka ba Arteta kofin FA a 2020. A Fabrairun 2022 Aubameyang ya tafi Barcelona kyauta. Masu yabon wannan mataki sukan manta kuɗin da aka biya: Arsenal ta ƙarasa kakar babu tsayayyen mai cin ƙwallo, Tottenham ta sha gabanta da maki biyu ta ɗauke gurbin Zakarun Turai. Shekara ta gaba ne aka ga amfanin, da suka ƙare na biyu. Ba kowane kulob ne yake da haƙurin jiran wannan ba.

Akwai kuma abin da koci masu tsauri suke jawo wa kansu, ban ga dalilin kare su a kai ba. Mai ji da kai zai jure a yi masa tatas a ɗaki, ƙofa a rufe. Abin da ba ya yafewa shi ne a tozarta shi a gaban 'yan jarida, ko a nuna masa bai kai a zauna da shi ba. Antonio Conte ya ɗauki Firimiya da Chelsea a 2017, Diego Costa ya ci masa 20, sai ya tura masa saƙon waya cewa ba ya cikin shirinsa. Ko da hukuncin daidai ne, hanyar ta karya darajar ɗan wasan a kasuwa, ta kuma nuna wa sauran yadda za a yi da su. Chelsea ta ƙare ta biyar a kakar da ta biyo. Ten Hag ma da ya faɗa wa 'yan jarida a Satumban 2023 cewa Jadon Sancho bai yi ƙoƙari a atisaye ba, Sancho ya mayar da martani a fili, daga nan babu wanda zai iya ja da baya ba tare da jin kunya ba. Kar ka manta shi ma koci yana da nasa jin kan, sau da yawa ma ya fi na ɗan wasan.

Wanda na fi ganin ya koyi darasin duka ɓangarorin biyu shi ne Luis Enrique. A Janairun 2015 ya ajiye Messi a benci a gidan Real Sociedad, Barcelona ta sha kashi da ci ɗaya, gari ya ɗauka cewa kwanakin kocin sun ƙare. Ya gane ba a ja da Messi a Barcelona, ya sassauta, ya bar shi da Neymar da Luis Suárez suka yi abin da suka iya, suka ɗauki kofi uku a kakar. Bayan shekara tara, a PSG, kulob ya riga ya gaji da mulkin taurari, Messi da Neymar sun tafi a 2023, Mbappé ya bi bayansu a 2024. Wannan karon iko yana hannunsa. A Oktoban 2024 ya bar Ousmane Dembélé a gida bai tafi da shi wasan Arsenal ba saboda ladabtarwa. Bai tsaya a hukunci ba, daga baya ya mai da shi tsakiyar gaba, ya ba shi jagorancin matsi, ya riƙa yabonsa a bainar jama'a a kan gudun da yake yi ba ƙwallo. PSG ta lallasa Inter 5-0 a Munich ranar 31 ga Mayun 2025, Dembélé ya ɗauki Ballon d'Or a shekarar. Koci ɗaya ne, tsaurinsa bai sauya ba, sai dai ya san lokacin da yake da ƙarfin amfani da shi.

Game da rabin tambayarka na biyu, wato tara yara masu biyayya: yana aiki har zuwa wani mataki. Za ka samu ƙungiya mai tsari, mai wuyar dokewa. Amma akwai wasan da tsari yake ƙarewa, abokan hamayya sun karance ka, sai wani ya saɓa umarni ya yi abin da ba a koya masa ba. Diego Simeone na Atlético Madrid, wanda ba a kai shi takura ba, ya san haka, shi ya sa bai taɓa rabuwa da neman irinsu ba. Antoine Griezmann ya zama nasa domin yana da fasaha kuma yana gudu kamar ɗan tsakiya. João Félix, da aka saya Yuro miliyan 126 a 2019, yana da fasahar, bai ɗauki gudun ba, aka yi ta tura shi aro har aka rabu.

Fabio Capello ma, da duk taurin kansa, ya taɓa lashe amansa. A Janairun 2007 Beckham ya sanar zai koma Amurka a ƙarshen kaka, Capello ya ce ba zai sake buga wa Real Madrid ba. A watan ne kuma aka sayar da Ronaldo na Brazil ga AC Milan. Beckham bai ce uffan ba, ya ci gaba da zuwa atisaye yana yin fiye da kowa. Bayan kimanin wata ɗaya Capello ya dawo da shi a wasan Real Sociedad, ya ci ƙwallo da bugun tazara. Madrid ta ɗauki La Liga a ranar ƙarshe, makinta daidai da na Barcelona, sakamakon karawarsu ne ya raba. Kafin watan Yuni ya ƙare mahukunta suka kori Capello, wai wasansa ba ya ƙayatarwa.